Kama da Wane Ba Ta Wane: Abin da Gasar Waƙa ta Talabijin Ba Ta Aunawa

Abin da gasar waƙa ta talabijin ta fi ƙwarewa wajen aunawa shi ne kama. Yaron da ya fi iya ɗauko muryar wani shahararren mawaƙi, ya hau inda ya hau, ya sauko inda ya sauko, ya ja numfashi a daidai gurbin da mai waƙar ya ja, shi ne alƙalai ke miƙewa su tafa wa, shi ne kuma masu kallo ke yi wa ruwan ƙuri'u. Ban ce yaran ba su da murya ba. Suna da ita, wasu ma har ta yi musu yawa. Amma murya daban, waƙa daban, kuma an gina gasar ne a kan ta farkon, aka bar ta biyun a bakin ƙofa.

Tsarin shigo da shi aka yi. A Ingila aka fara Pop Idol a 2001, a hannun wani ɗan kasuwar waƙa mai suna Simon Fuller. Shekara na zagayowa Amurka ta buɗe American Idol, a 2010 kuma 'yan Holan suka fito da The Voice mai kujerun nan masu juyawa. Mu a nan ya iso mana a 2007 da Idols West Africa. Daga 2008 zuwa 2016 kamfanin MTN ya riƙa ɗaukar nauyin Project Fame, inda ake tara matasa daga Najeriya da Gana da Laberiya da Saliyo a gida ɗaya ana horar da su, ana sallamar wasu duk mako. Sai Nigerian Idol, sai The Voice Nigeria a 2016. Sunaye sun bambanta, amma ginshiƙin ɗaya ne: a ba yaro waƙar da kowa ya sani, a ga yadda zai yi da ita.

Kuma ba don mugunta aka tsara shi haka ba, lissafi ne. Ɗan takara yana da kamar minti biyu a kan dandamali. A cikin minti biyun nan ake so mai kallo, wanda ke cin tuwo yana duba waya, ya yanke hukunci har ya ciro kuɗinsa ya tura saƙon ƙuri'a. Sabuwar waƙa ba ta shiga kunne da wannan saurin. Sai an ji ta, an sake ji, an kwana da ita. Tsohuwa kuwa ta riga ta yi ɗaki a zuciyar mutum, da an buga kiɗan farko ya fara gyaɗa kai. Ga kuma alƙalai, su ma sun fi samun sauƙi idan akwai ma'auni a gabansu: ga yadda mai ita ta yi, ga yadda kai ka yi. Sannan shiri ne na mako-mako, babu mai iya haifar da waƙa mai rai duk Asabar. Idan ka haɗa wannan da cewa sau da yawa mai ɗaukar nauyin shirin kamfanin waya ne da ke son a yi ta tura saƙo, za ka ga cewa waƙar aro ita ce hajar da ta fi saurin fita.

Matsalar tana bayyana ne bayan an kashe fitilun situdiyo.

Na ga haka da idona a wata liyafar ƙarshen shekara da wani kamfani ya shirya a Abuja. Mawaƙin da aka gayyato wani matashi ne da ya kai zagayen ƙarshe a ɗaya daga cikin waɗannan gasanni, bai dai ɗauki kambun ba. Ɗan kudancin Kaduna ne, dogo, mai yawan sunkuyar da kai idan ana tafa masa. Ya zo da makaɗa uku: mai fiyano, mai jita, da mai ganguna. Na ji daɗin wannan tun kafin ya buɗe baki, domin yawancin masu zuwa irin wannan taro filashi kawai suke miƙa wa mai sa kiɗa.

Ya fara da waƙoƙin da aka san shi da su a talabijin, na Turawan Amurka da na manyan mawaƙan Legas. Babu inda ya kuskure. Inda ake murɗa murya ya murɗa, inda ake jan sauti har sai jijiyar wuya ta fito ya ja, ya rufe ido a inda mai waƙar ke rufewa a bidiyo. Wayoyi suka tashi sama, mata suka yi ta shewa. Ni kuwa ina zaune ina jin wani abu kamar an kawo mini hoton mutum alhali mutumin yana tsaye a gabana. Ko da zan rufe ido, ba zan iya cewa ga garin da wannan murya ta fito ba, ko ga abin da ya taɓa sa ta kuka.

Can wajen ƙarshe sai ya juya ya yi wa mai gangunan raɗa. Mai gangunan ya ajiye sanduna ya koma bugu da tafin hannu, mai fiyano ya ɗage yatsunsa gaba ɗaya. Sai yaron ya ɗauko wata waƙa da Hausa, irin Hausar mutanen wajen Kafanchan da Kachiya, yana sirkawa da yarensu. Waƙar a kan mahaifiyarsa ce da aikin citta: yadda mata ke zama tun safe suna tsaga ta da wuƙa ana shanyawa, yadda yajin ke cin hannu, yadda dillali ke zuwa da mota ya faɗi farashin da ya ga dama. Muryarsa ta sauko ƙasa, ta yi kauri, duk murɗe-murɗen nan suka ɓace. A wani wuri ma ta ɗan tsage, bai gyara ba, ya wuce. Ba zan ce waƙar ba ta da aibi ba. Baiti na biyu ya yi tsawo, amshin kuma bai gama nuna ba, da sauran aiki a kansa. Amma a karon farko a daren nan na san wa ke waƙa.

Kada mai karatu ya zaci zauren ya yi tsit kowa ya zubar da hawaye. Lokacin ne mutane suka ga damar tashi su je layin abinci. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta juyo ta ce, "Malam, wannan kuma ta wace ce? Ya yi mana wadda ya yi a talabijin mana." Mai gabatarwa yana gefe yana nuna masa agogo. Da aka tashi na same shi yana naɗe wayar jita tare da yaransa, na ce masa, "Ƙanena, me ya sa ka ɓoye wannan sai a ƙarshe?" Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai jerin waƙoƙin ma su suka turo mini. Wannan ɗin satar hanya na yi."

Wannan magana tasa ita ce tarihin kusan duk wanda ya fito daga irin wannan gasa ya kuma tsaya da ƙafarsa. A duba Iyanya, wanda ya ci Project Fame na farko a 2008. Ya fito da murya mai laushi irin ta masu waƙar soyayya na Amurka, ya yi kundinsa na farko a kan wannan salo, kasuwa ba ta ko ɗaga kai ba. Bai samu kansa ba sai wajen 2012, da ya koma ya ɗauko rawar etighi ta mutanen Kalaba, garinsu, ya gina waƙa a kanta. Akwai masu cewa ya bar waƙar ƙwarai ya koma ta rawa, kuma suna da abin faɗa, amma ba wanda zai ce a lokacin yana kama da wani. Omawumi ta zo ta biyu a Idols West Africa na 2007, a bayan Timi Dakolo. Abin da ya riƙe ta har yau shi ne bakin Warri da ta shigo da shi cikin waƙa, da barkwancinsa da tsiwarsa, abin da babu alƙalin gasa da ya taɓa ba shi maki. Shi kansa Timi sai a 2011 kundinsa na farko ya fito, shekara huɗu bayan an naɗa shi zakara. Mercy Chinwo ta ci Nigerian Idol a 2012, amma sunanta bai game ƙasa ba sai bayan shekaru, da waƙoƙin coci nata na kanta. Johnny Drille bai ci Project Fame na 2013 ba. Ya koma ɗakinsa yana haɗa kiɗa mai sanyi da jita, irin wanda ake cewa ba zai sayu a Najeriya ba, har kamfanin waƙa na Mavin ya ɗauke shi a 2017. Chike ya shiga gasa biyu, ya zo na biyu a The Voice Nigeria ta 2016, amma mutane sun san shi ne da kundinsa na 2020. A ɗaya gefen kuma akwai zakarun da aka ba mota da miliyoyi da kwantiragi, waɗanda yau sai mutum ya yi dogon tunani kafin ya tuna sunansu. Ba zan ambace su ba, don ba laifinsu ba ne.

Masu kallon finafinan Indiya, waɗanda ba su da kaɗan a cikinmu, sun san muryar Arijit Singh ko da ba su san fuskarsa ba. A 2005 ya shiga wata gasar talabijin mai suna Fame Gurukul, ƙuri'ar masu kallo ta fitar da shi tun kafin ƙarshe. Ya yi shekaru yana aikin haɗa kiɗa a bayan fage a Mumbai, sai a 2013 fim ɗin Aashiqui 2 ya fito da shi. Waɗanda suka ci waccan gasar ba su kai ko kusa da inda ya kai ba.

Sai dai misalin Arijit yana jawo wata tambaya da ya kamata in amsa, don na san za a yi ta. Ai shi ma yawancin abin da yake rerawa wasu ne suka rubuta, wasu suka sa kiɗa. Haka Lata Mangeshkar, haka Ummu Kulsum ta Masar, wadda manyan marubuta da makaɗa suka yi ta yi wa aiki. To ina asalin yake? Amsata ita ce, ban taɓa nufin dole sai mawaƙi ya rubuta kowane baiti da hannunsa ba. Waƙar nan ta bankwana, I Will Always Love You, da mawaƙiyar Amurka Whitney Houston ta girgiza duniya da ita a 1992, Dolly Parton ce ta rubuta ta, ta fitar a 1974, a hankali, cikin salon mutanen karkarar Amurka. Whitney ta ɗauke ta ta rushe ta sake ginawa da muryarta, har mutane da yawa ba su san tana da uwa ba. Wannan aro ne da ya zama mallaka. Abin dariyar shi ne, yau 'yan takara daga Legas har Manila suna hawa dandamali suna kwafar yadda Whitney ta yi, ɗigo da wasali, wato suna kwaikwayon wadda ta ƙi yin kwaikwayo. Abin da nake nema a wurin mawaƙi shi ne ya yanke shawara da kansa: a nan zan yi shiru, a nan zan sauko, wannan kalmar ita zan danna. Idan duk shawarwarin nan wani ne ya riga ya yanke su shekara talatin da suka wuce, to me aka bar wa wanda ke tsaye a gabana?

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin kiɗanmu na gargajiya ya daɗe da warware shi. Ba a fara waƙa da jagoranci. Yaro yana shiga ƙungiya ne a matsayin ɗan amshi, ya yi shekaru yana karɓar gindin waƙa, yana jin yadda maigida ke saƙa ɗiya a kai, yana koyon inda ake shiga da inda ake fita. Musa Ɗanƙwairo, da duk girmansa, ya daɗe yana bayan yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Kwaikwayo a wannan mataki ba abin kunya ba ne, shi ne makarantar. Amma ba a taɓa jin an tara jama'a an naɗa ɗan amshi sarkin kiɗa don ya fi kowa iya maimaita abin da maigida ya faɗa ba. Ana sallamarsa ne ranar da aka ga ya fara ƙaro nasa. Gasar talabijin ta ɗauki matakin amshi ta mai da shi wurin naɗin sarauta, ta ɗora wa yaro rawani a ranar da ya kamata a ce ya fara neman bakinsa.

Kuma a duba su wa muke tunawa. An yi masu kwaikwayon Mamman Shata ba adadi, tun yana raye har bayan rasuwarsa a 1999, wasu ma in ka ji su daga nesa sai ka rantse shi ne. Suna samun na cefane a wurin biki, amma ba a ajiye kaset ɗinsu. Shata ya zama Shata ne don yana iya kallon mutum a fili, kalangai na tashi, ya ƙera masa waƙa nan take wadda ba ta dace da kowa ba sai shi. Ɗanmaraya Jos ya ɗauki kuntigi, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi ba rundunar makaɗa, ya yi ta waƙar karen mota da ɗan adashi da zaman aure, ya zaga duniya da shi. Barmani Choge ta ɗauki ƙwarya da maganar da mata ke yi a tsakar gida idan maza ba sa nan. Da za a kai muryar ɗaya daga cikinsu gaban alƙalan talabijin a ce ya rera waƙar wani Ba'amurke, a zagayen farko za a sallame shi, a ce ya je ya ƙara koyo.

Ba na so in yi kamar namu gidan tsaf yake. Waƙar finafinan Hausa ta yi shekaru tana ɗauko karin waƙoƙin Indiya sukutum ana zuba musu kalmomin Hausa, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kai. Har masu bege sun taɓa shiga wannan hanya. Sannan fiyano ɗaya ta zo ta maye gurbin makaɗa, kiɗa ya koma kusan iri ɗaya daga situdiyo zuwa situdiyo, na'urar gyaran murya kuma ta goge bambancin da ya rage, har ka ji waƙa biyar a jere ba ka san inda ɗaya ta ƙare wata ta fara ba. Da wani ya yi waƙar da ta karɓu, kafin wata ya ƙare an haifa mata ƙanne goma. Uwa uba kuma mamin: mawaƙi ya hau dandamali a wurin gala ko dina, a sa waƙarsa, shi kuma yana motsa baki yana karɓar liƙi. Ta wannan fuskar ma yaron gasar talabijin ya fi da yawa daga cikin namu, domin shi aƙalla da maƙogwaronsa yake yi, a gaban alƙalai, ba inda zai ɓuya. Wannan horo ne na gaske, kuma shi ne babban alherin da gasar ke yi wa yaran: tsayawa a kan sauti, sarrafa numfashi, aiki da makaɗa masu rai, jure idon jama'a. Waɗanda suka yi fice a cikin mawaƙanmu na zamani kuwa, irin su Aminu Ala da zurfin kalmominsa, sun yi fice ne don ana gane su tun daga baitin farko.

Wanda na fi ɗora wa laifi a ƙarshe shi ne mai sauraro, wato mu. Mu ne muke cewa mun gaji da waƙa iri ɗaya, mu ne kuma muke tashi ɗebo abinci idan aka kawo mana wadda ba mu sani ba. Mai shirya biki da ke tura wa mawaƙi jerin waƙoƙin wasu ba mahaukaci ba ne, ya san baƙinsa. Mun saba da cewa mawaƙi ya zo ya tuna mana abin da muke so, ba ya zo ya nuna mana abin da ba mu taɓa ji ba. Sabuwar waƙa tana buƙatar ɗan haƙuri na minti huɗu, a ajiye waya, a bar hira. Idan mai sauraro ba zai iya ba da wannan ba, to yaron da ke da haya da kuɗin makarantar ƙanne a wuyansa zai ci gaba da rera abin da ake biya, waƙar cittar kuma ta tsufa a cikin wayarsa.

Ana yawan maganar a kafa babbar gasar waƙa ta Hausa a talabijin, kuma ina goyon baya, ga tashoshi ga masu kallo daga Kano har Damagaram har zangon Kumasi. Roƙona ga duk wanda zai yi shi ne kada ya kwafo tsarin Landan ya sauya masa harshe kawai, mu wayi gari yara ashirin suna layi kowa yana kwaikwayon mawaƙin da ke tashe a Kano a shekarar. Maƙwabtanmu na Nijar suna da gasar Dan Gourmou tun 1987, wadda aka sa wa sunan wani makaɗin Tawa, kuma ƙungiyoyi kan zo ne da abin da suka ƙirƙira. Ana iya barin zagayen farko a kan waƙoƙin magabata, don a ga wa ya iya amshi. Amma daga tsakiyar gasa zuwa ƙarshe, kowa ya zo da tasa, ko wadda aka rubuta masa ba a taɓa jin ta a bakin kowa ba. A rera ta da makaɗa a fili, ba filashi, ba na'urar gyara. A sa aƙalla makaɗin gargajiya ɗaya a cikin alƙalai, wanda zai iya gane ɗan da aka saƙa da wanda aka ɗinka. A kuma saki waƙoƙin a rediyo tun farkon mako, don kunne ya saba da su kafin daren ƙuri'a. Na san a makonnin farko saƙonnin za su ragu, kuma mai ɗaukar nauyi zai kira taron gaggawa. Tashar da ta iya jure wannan kiran na shekara biyu za ta mallaki tarin waƙoƙin da ba kowa ke da su ba sai ita da yaran da suka yi su, kuma tun ranar farko ya kamata a rubuta a kwantiragi kaso nawa ne na yaran.